Nathaniel Bowditch, Akawun Da Ya Shiryar Da Jiragen Teku

An haifi Nathaniel Bowditch cikin 1773 a Salem, wani garin bakin teku a ƙasar Amurka. Talauci ya fid da shi daga makaranta yana da shekara 10, daga baya ya zama yaron kanti mai riƙe littafin ciniki. Duk sa'ad da ya sami sarari sai ya duƙufa kan lissafi, har ya koya wa kansa Latin domin ya karanta littafin Newton.

Cikin 1795 ya shiga jirgin ruwa yana akawu. Tafiya 5 ya yi, a ta ƙarshe shi ne shugaban jirgi. Can ya lura littafin da matuƙa ke dogara da shi, don sanin inda suke a tsakiyar teku, cike yake da kurakurai. Kuskuren lamba ɗaya kuwa ya isa ya kai jirgi kan dutse da rayukan da ke ciki. Ya bi lambobin ɗaya ɗaya, ya gyara fiye da 8,000, sa'an nan cikin 1802 ya fito da nasa littafin, wanda har yau Gwamnatin Amurka na buga shi.

Cikin 1804 ya shugabanci kamfanin inshora a Salem. Cikin 1823 ya koma Boston, inda iyalai da yawa suka danƙa masa amanar dukiyarsu, ya riƙe ta har rasuwarsa cikin 1838.

Mu masu riƙe alƙalami, a ofis ko a aji, ya kamata mu tuna akwai wanda zai dogara da kowace lamba muka rubuta ba tare da ya sāke dubawa ba.