Nana Asma'u Ɗiyar Shehu, Uwar Ƴan Taru

Ya ƴan'uwa, mu tuna da Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife ta a Ɗagel a 1793. Tana yarinya ta yi hijira zuwa Gudu tare da jama'a a 1804. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Da ta ga matan ƙauye sun yi nisa da malamai, sai ta zaɓi dattijai cikinsu, ta naɗa su jajoji da malfa da jan rawani. Sukan jagoranci mata zuwa gare ta, su ɗauki karatun tauhidi da tsarki da salla cikin waƙa, su koma su karantar a garuruwansu. Su ne Ƴan Taru. Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ɗauki aikin.

Mu mutanen Filinge da ƙasar Kurfai, duk wanda ya hana ɗiyarsa makaranta bisa zaton ilimin mata baƙon abu ne, to ya dubi gidan Shehu. Allah ya jiƙan ta, amin.