Mirabai, Waliyyiyar Mutanen Hindu

Cikin matan da mabiya addinin Hindu ke girmamawa, da wuya mu sami wadda ta kai Mirabai suna. An haife ta wajen shekarar 1498 a ƙasar Rajasthan, 'yar gidan sarauta ce. Tun tana ƙarama ta ba da zuciyarta ga Krishna, abin bautarsu, har ta ɗauke shi shi ne mijinta na gaskiya.

A 1516 aka aurar da ita ga Bhoj Raj, ɗan Sarkin Mewar, amma ba su daɗe ba ya rasu. Dangin mijin suka ga abin kunya ne surukar sarki ta riƙa waƙa da rawa cikin talakawa. An ce sun aika mata da ƙoƙon guba, ta shanye, bai yi mata kome ba. Sa'an nan suka aika da maciji cikin kwando, ya rikiɗe ya zama furanni.

Daga baya ta bar fada, ta ƙare kwanakinta a Dwarka wajen 1547. Mu lura, ta rabu da daula saboda abin da ta gaskata, ga shi kuwa har yau ana rera waƙoƙinta.