TARIHIN YAKOBLEF, MAI ZANEN DA YA BI TA TASAWA A 1924

A wannan fitowa zan ba ku tarihin wani baƙo da ya ratsa ƙasarmu fiye da shekara 100 da suka wuce. Sana'arsa zane: ya dubi mutum ko gari ko daji, ya sauke shi bisa takarda yadda ido ya gan shi, ba ragi ba ƙari.

Sunansa Aleksandar Yakoblef, Faransawa suna rubuta shi Iacovleff. An haife shi a 1887 a birnin Sen Petasbur na ƙasar Rasha. Ubansa hafsan sojan ruwa ne. A 1905 ya shiga babbar makarantar zane ta birnin, ya yi shekara 8 yana koyo hannun malaminsa Kardobski. Da ya ƙare a 1913, aka ba shi guzurin ƙaro ilimi a Italiya. A 1917 kuma ya nufi gabas, ya ga Sin da Mongoliya da Japan. Yana can ƴan kwaminis suka karɓi mulki a Rasha. Bai koma zama gida ba, sai ya sauka Paris a 1919.

To, mi ya kawo shi wajenmu? André Citroën, mai kamfanin motoci, ya so ya gwada ma duniya motocinsa suna iya ƙetare Afirka. Ya shirya ayari na mota 8 masu ɗamarar roba a ƙafafun baya, don kada rairayi ya riƙe su. Shugabannin tafiya su ne Haardt da Audouin-Dubreuil. Aka ɗauki Léon Poirier ya yi silima, Yakoblef kuma ya yi zane. Ita ce tafiyar da ake kira Croisière Noire.

Sun tashi daga Kolom-Beshar a Aljeriya ranar 28 ga Oktoba 1924. Suka keta hamada, suka faɗo bakin Kwara, suka iso Yamai ƙarshen Nuwamba. Daga nan suka yi gabas har Tasawa, inda Sarki Barmu ya tarbe su, sannan Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar a lokacin. Suka wuce tabkin Cadi da Kwango, tafiya ba ta ƙare ba sai a Madagaska cikin Yuni 1925.

Motoci ba su daɗewa wuri guda, saboda haka hannunsa ya saba da sauri. Da gawayi da jan alli yake fitar da fuskar mutum, da launi kuma yake yin hamada da kogi da garuruwa. Ya zana Sarkin Damagaram Barma. Ya zana Magemma, shugaban mahayan Sarki Musa na Maraɗi. Ku lura, ya rubuta sunayensu da muƙaminsu, a zamanin da yawancin Nasara ke ɗaukar hoton baƙar fata ba su ko tambayi sunansa ba.

Amma mu faɗi gaskiya. Wannan tafiya talla ce ta kamfani, kuma ƙarƙashin mulkin mallaka aka yi ta. Zanen da ya yi, wajen 300, duk Turai aka kai su. An nuna su a Paris a 1926, Faransa ta ba shi lambar girma, a 1927 kuma aka buga 50 daga ciki a littafi guda. Can masu kuɗi suka saye su.

A 1931 ya sake bin motocin Citroën daga Bairut har Pekin, suka isa a 1932. Daga 1934 zuwa 1937 ya shugabanci sashen zane na wata makaranta a Boston ta Amurka. Ya rasu a Paris ranar 12 ga Mayu 1938, bayan an yi masa aiki saboda ciwon dajin ciki. Yana da shekara 50.

Ga dalilin da ya sa na kawo wannan labari. Tsofaffinmu suna ba mu labarin dajin da ya zama gonaki, da rijiyoyin da suka cike, amma ba mu da abin da za mu nuna ma yara. Baƙo ya wuce cikin ƴan kwanaki ya bar kamannin sarakunanmu, mu da muke kwana muna tashi nan ba mu aje komi ba.

A ajina na lakwal akwai yaran da ke zana gawo da rumbu da goriba a bayan kaye, kai ka ce ka taɓa. Wasu an sha bugunsu a gida don ana ganin ɓarnar takarda ce. Ina roƙon uwaye su yi haƙuri da su. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu, a taro mai zuwa, ta ware kuɗin takarda da fensir, yaran su zana kasuwarmu da tabkinmu da tsofaffin itatuwanmu, mu aje a lakwal saboda na baya.

Allah shi ba mu damana mai albarka. Sai fitowa ta gaba.