Reginald Kell, mabushin da ya sa wa kilarinet karkarwa

An haifi Reginald Kell a birnin York na Ingila a 1906. Da goge irin na Turawa ya fara, daga baya ya koma busa kilarinet, wata doguwar sarewa ta baƙin katako.

A wancan zamani, manyan ƙungiyoyin kiɗan Turai sun fi son sautin kilarinet ya fito a miƙe, ba rawa ko kaɗan. Karkarwar sauti, wadda ake kira vibrato, an bar wa mawaƙa da masu goge da 'yan jaz. Kell bai yarda da wannan iyaka ba. A 1932 Thomas Beecham ya ɗauke shi a sabuwar ƙungiyar London Philharmonic, inda ya zauna kusa da Léon Goossens, mabushin obo mai sauti kamar muryar mutum. Daga nan ya shiga kwaikwayon salon. Wasu suka yaba, wasu suka ce ya ɓata asalin muryar kayan busar.

Ya koma Amurka a 1948. A can ne Benny Goodman, duk da sunan da ya riga ya yi a jaz, ya zo ɗaukar darasi wurinsa.

Kell ya rasu a jihar Kentucky a 1981, amma gardamar ba ta mutu ba. Mabusan Ingila irin su Jack Brymer sun ci gaba da karkarwa, na Jamus da Ostiriya kuwa galibi sun guje ta, kuma har yau malamai da dama kan gargaɗi ɗalibansu su rage ta ranar gwajin neman aiki.