MALAM AMINU KANO (1920–1983): MALAMIN DA YA MAYAR DA DANDALI AJI

Gabatarwa

Idan aka ambaci Malam Aminu Kano, abin da yake fara faɗowa a ran yawancin mutane shi ne siyasa da gwagwarmayar ƙwato 'yancin talakawa. Wannan ba kuskure ba ne. Sai dai ɗalibin da yake shirin zama malami yana da bukatar ya dube shi ta wata fuska daban, domin kafin Malam ya hau kan mumbarin siyasa ya shafe shekara takwas yana aikin koyarwa, kuma sunan Malam da ya bi shi har kabari ba na ado ba ne. Abin da za a bi diddiginsa a nan shi ne yadda ya koyi sarrafa magana, da yadda ya ɗauki dabarun aji ya kai su gaban manoman karkarar Kano, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa zama a kan bencin makarantar boko ba.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafulatani ne daga zuriyar Gyanawa, gidan da ya yi fice a kan ilimin shari'a, kuma ya yi aikin muhuti a kotun Alƙalin Kano. Saboda haka yaron ya tashi a gidan da ake auna magana kafin a furta ta, ake kafa hujja da nassi, ake kuma sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara kafin a yanke hukunci. A nan ya fara karatun allo da na littattafai. Wannan tushe shi ne ya hana abokan hamayyarsa daga baya su kayar da shi da hujjar addini, duk da cewa sun gwada.

Ya shiga makarantar Shahuci a 1930, ya wuce Midil ta Kano, sannan a 1937 ya sami gurbi a babbar kwalejin Arewa, wadda aka sani a lokacin karatunsa da Kwalejin Kaduna, yau kuma Kwalejin Barewa da ke Zariya. Ya kammala a 1942 da shaidar malanta.

Wasan Kwaikwayo a Matsayin Makami

A wannan kwaleji ne baiwarsa ta fara bayyana, kuma ba ta hanyar lacca ta bayyana ba, ta hanyar wasan kwaikwayo ne. Masu nazarin adabin Hausa suna lissafa shi cikin mutanen farko da suka tsara wasan kwaikwayon Hausa irin na zamani, wato wanda ake rubutawa a raba wa 'yan wasa, a hau dandamali a nuna. Biyu daga cikin wasanninsa sun fi shahara a bakin manazarta. Na farko, Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, ya nuna yadda 'yan kasuwar birni suke damfarar baƙauye idan ya shigo da kayansa. Na biyu, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo nauyin harajin da ake ɗora wa mutanen karkara.

Ya kamata a tsaya a lura da abin da saurayi ɗan birni, ɗan gidan alƙalai, ya zaɓa ya yi magana a kai. A al'adar barkwancin birni, baƙauye abin dariya ne: shi ne wanda bai san ƙidayar kuɗi ba, shi ne wanda ake sayar wa jabu ya tafi yana godiya. Aminu ya ɗauki wannan sananniyar siffa ya juya ta. Mai kallo zai fara dariya kamar yadda ya saba, kafin wasa ya ƙare sai ya tarar dariyar ta koma kan macucin, shi kuma ya fita da tambaya a ransa. Da a ce ɗalibi ya miƙe a gaban hukumar makaranta ya ce ana zaluntar talakawa, da ƙila ranar ce ta ƙarshe gare shi a kwalejin. Amma da ya sa wa maganar riga da hula ya bar ta ta yi tafiya a kan dandamali, sai ta wuce ta gaban kowa, kowa kuma ya gane ta. Ba a buga waɗannan wasanni sun zama littafi a hannun jama'a ba, abin da ya sa ɗalibi yakan ji sunansu ne kawai a darasin tarihin wasan kwaikwayo. Wannan asara ce ga adabinmu.

Bauchi, Landan da Maru

Aikinsa na farko a Midil ta Bauchi ne, daga 1942. A can ya haɗu da mutum biyu da suka bambanta ƙwarai wajen salon magana. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa mutum ne mai natsuwa, mai tsara zance daki-daki, wanda daɗin muryarsa ya zama abin misali. Malam Sa'adu Zungur kuwa kaifi gare shi, ga zurfin Larabci da Turanci, ga waƙa, ba ya kuma rufa wa kowa. Aminu ya fi karkata ga Sa'adu, ya ɗauke shi malami kuma amini, har daga baya ya rubuta littafi a kan rayuwarsa. Su ne ginshiƙan zauren tattaunawa da aka kafa a Bauchi a wajajen 1943, inda ma'aikata da malamai suke muhawara a kan al'amuran mulki a gaban jami'an Turawa da na En'e. Zauren bai yi tsawon rai ba, domin tambayoyin da ake yi a cikinsa sun kai inda hukuma ba ta so. Duk da haka a nan Aminu ya goge a kan fasahar tambaya, wato jefa tambaya gajera mai kama da ta neman sani, wadda amsarta ita ce hujjar mai tambayar.

A 1946 ya tafi Ingila, ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Da ya dawo ya tsaya kan kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, wadda ta tabbata a 1948, shi ne kuma sakatarenta. Daga nan aka mayar da shi Maru, a lardin Sakkwato na wancan lokaci, ya shugabanci makarantar horon malamai. Wato dai irin kujerar da mai karanta wannan littafi yake zaune a kai yanzu, Malam ya taɓa tsayawa a gabanta da alli a hannu. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya koma Kano.

Magana da Mutanen Karkara

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai mawaƙi Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta, wanda ya fito daga arewacin Kano. Aminu ya shiga bayan ya bar aiki, ya zama shugabanta a 1953. Daga nan ne ajinsa ya faɗaɗa.

Domin a fahimci girman aikin da ya tunkara, sai an san ƙasar. Karkarar da ta kewaye Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta, tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Gona tana manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki, har da wanda ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna. Ana noma gero da dawa da wake don ci, gyaɗa kuma don kuɗi, tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Gyaɗar nan ita ce ta tashi dalar gyaɗa a birni, amma kuɗinta kafin ya kwana a aljihun manomi haraji yana jira, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, makiyayi kuma jangali yana jiransa. Mutanen nan sun san ciwonsu sarai. Abin da suka rasa shi ne yarda cewa ana iya faɗar sa a fili, da kuma kalmomin da za a faɗe shi da su.

Ɗan boko na wancan zamani idan ya zo irin wannan wuri yakan zo da kalmomin da ya haddace a littafi, ya yi ta zuba, mutane su gyaɗa kai don ladabi, su watse ba su riƙe komai ba. Malam bai bi wannan hanya ba. Ya san ƙa'idar da ake koya wa kowane malami a shekararsa ta farko, cewa daga abin da ɗalibi ya sani ake tafiya zuwa abin da bai sani ba. Manomi bai san tsarin mulki ba, amma ya san takardar haraji, ya san aikin tilas a gandun mai sarauta, ya san gaisuwar da ake kaiwa kafin a saurari ƙara. Daga nan Malam yake farawa. Sannan manomin nan ya yi karatun allo, ko ya zauna a gaban mai wa'azi, saboda haka ayoyin da suka yi umarni da adalci da ƙissoshin annabawa ba baƙi ba ne a kunnensa. Malam yakan ɗora sabon ra'ayi a kan wannan tsohon sani, har mai sauraro ya ji kamar abin da ya daɗe da sani ne aka tuna masa. Hausarsa kuma ta kasuwa da zaure ce, mai karin magana da barkwanci, ba ta ofis ba. Jam'iyyar ma ba ta wahalar da mutane da dogon sunanta na Turanci ba, kalma ɗaya ta riƙe, sawaba, kowa kuma ya san abin da yake nema idan ya furta ta.

Akwai wani ɓangare na sadarwa da ba a baki yake ba. Malam ya zaɓi farar tufa marar ado da jar hula, a zamanin da girman mutum yake a yawan aikin da ke wuyan rigarsa. Gidansa a buɗe yake, mai ƙorafi daga ƙauye yakan zauna ya faɗi damuwarsa a saurare shi. Wannan sauraro shi ne rumbun da yake ɗibar misalansa. Mai magana da bai saurari mutane ba, misalansa na aro ne, kuma jama'a suna gane kayan aro da wuri.

Bai kuma riƙe maganar shi kaɗai ba. Teloli, 'yan koli, mahauta da malaman allo su ne suka ɗauke ta zuwa kasuwannin ƙauye ranar cin kasuwa, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka sa ta cikin waƙa yadda za a haddace. Malamin kirki ma haka yake auna darasinsa: in ɗalibi ya iya maimaita shi ga wani da nasa kalmomin, to ya shiga.

Kada a ɗauka abin ya zo da sauƙi. Taron siyasa sai da izinin En'e, izinin kuma ba kullum ake bayarwa ba. An ɗaure 'yan NEPU da dama a kotunan alƙalai, an yi wa wasu bulala, wasu sun bar garuruwansu, sau da yawa a kan laifin magana kawai. Manomin da ya tsaya sauraron lacca ya san dagaci zai ji labari kafin magariba. Gaskiya kuma ita ce ba duk mabiya ne suka tsaya a kan ladabin muhawara ba. Zambo da zagi sun yi yawa a siyasar shekarun 1950 daga kowane ɓangare, har ta kai ga doke-doke, kuma dattawa da yawa a karkara sun guji NEPU ne saboda suna ganin tana koya wa yara raina manya. Kaifin harshe yana tara jama'a, yana kuma korar wasu, Malam bai tsira daga wannan ba.

Daga Majalisa zuwa Ƙarshen Rayuwa

A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa ya tace ta kafin a kai matakin ƙarshe. Sai a 1959 Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, daga baya kuma na lafiya. Duk wannan bai raba shi da koyarwa ba. Ya ba da ƙarfi ga makarantun Islamiyya masu tsarin aji da ilimin mata, ya rubuta labarin tafiyarsa a Motsi Ya Fi Zama, ya tara gajerun labarai a Hikayoyin Kaifafa Zukata, wanda sunansa kaɗai ya nuna abin da yake ganin labari yana yi wa mutum. Tafsirin da yake yi da azumi a gidansa ya tara jama'a masu yawa, an kuma naɗi wani sashe nasa a kaset.

A 1978 ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, wato Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnatocin biyu kuma suka soke haraji da jangali. Abin da ɗalibi ya nuna a kan dandamalin kwaleji shekara arba'in da suka wuce ya zama doka, manomin Bichi da na Ɗambatta suka ga ranar da ba su zata ba. Sai dai daɗin bai daɗe ba. Tun daga 1980 jam'iyyar ta dare biyu, Santsi da Taɓo, almajiran da ya koya wa magana suka juya ta a kan juna, wasu ma a kansa. Mutumin da ya iya shawo kan dubban baƙi a dandali ya kasa sasanta na cikin gida.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓen wannan shekara, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja. Gidan, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. An sa sunansa a filin jirgin saman Kano, da asibitin koyarwa, da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci, inda ake horar da malamai har yau. Allah ya jiƙansa.