Leon Jacobson: Likitan da ya gano alaƙar ƙoda da jini

Duk wanda ya taɓa ɗauko majinyaci daga Kiru ko Doguwa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano don wankin ƙoda, ya san tambayar da 'yan uwa kan yi: ƙoda ce ta lalace, to me ya kawo ƙarancin jini? Amsar ta fito ne daga ɗakin binciken wani likita ɗan Amurka, Leon Jacobson.

An haife shi a 1911 a ƙauyen Sims, jihar North Dakota. Ya koyar a makarantar karkara kafin ya kammala karatun likita a Jami'ar Chicago a 1939. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗora masa kula da lafiyar masu aikin ƙera bam ɗin nukiliya, inda ya ga yadda hasken nukiliya ke kashe ɓargo, wato masana'antar jini.

A 1949 ya yi gwajin da ya fito da sunansa. Ya rufe saifar ɓeraye da dalma, sannan ya haska musu adadin da ke kisa. Waɗanda aka kare saifarsu da yawa sun rayu, jininsu ya farfaɗo. Jacobson ya ɗauka wani sinadari saifar ke fitarwa. A nan ya yi kuskure. A 1956 masu bincike a Ingila suka nuna cewa ƙwayoyi ne masu rai, iyayen ƙwayoyin jini, ke zuwa su sake cika ɓargon. Dashen ɓargo da ake yi wa masu sikila a yau, wannan ne tushensa.

Sai dai neman sinadarin bai tafi a banza ba. A 1957, shi da Eugene Goldwasser da abokan aikinsu suka cire ƙodar ɓeraye, sai jikinsu ya daina samar da erythropoietin, sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ashe ƙoda ce mai aika saƙon.

A 1989 Amurka ta amince da allurar wannan sinadari, shekara uku kafin rasuwarsa a 1992. Ita ce ake yi wa masu wankin ƙoda don rage yawan ƙarin jini. Tana buƙatar isasshen sinadarin ƙarfe a jiki, kuma takan ɗaga hawan jini, shi ya sa likita ke auna jinin majinyaci kafin ya ƙara ko ya rage ta.