Turgut Rayis da Birnin Tarabulus

Duk wanda ya saurari labarin fatake na dā, waɗanda suka riƙa keta Sahara daga Kano zuwa Gadamas, ko daga Barno zuwa Fezzan, ba zai rasa jin sunan Tarabulus ba, domin a can ne ayari kan sauke kaya a bakin Bahar Rum. Sai dai mu a nan mun fi sanin birnin da ciniki. Ba kasafai mukan tuna cewa mashigar jiragen yaƙi ce da aka sha zubar da jini a kanta ba. Mutumin da ya fi kowa barin suna a wannan fage shi ne Turgut Rayis, wanda Turawa ke kira Diragut, mutanen Tarabulus kuwa Dargut.

An haife shi wajejen shekarar 1485 a wani ƙauye kusa da Bodrum, a gaɓar tekun ƙasar Turkiyya ta yau. Tun yana saurayi ya shiga aikin teku, ya ƙware wajen harba igwa, har ya zama na hannun daman Hairuddin Barbarosa, sarkin yaƙin ruwa na Daular Usmaniyya. Kada mai karatu ya ruɗe, daular Turkawa ta Santambul ake nufi, ba ta Shehu Ɗanfodiyo ba. Yana cikin waɗanda suka karya rundunar jiragen Kirista a yaƙin Firebeza a 1538.

Shekara biyu bayan haka sai sa'a ta juya masa baya. Mutanen Janowa suka rutsa shi a gaɓar tsibirin Kosika, suka kama shi, suka ɗaure shi a jirgi yana tuƙi da filafili tare da sauran bayi. Kusan shekara huɗu ya yi a wannan hali kafin Barbarosa ya fanso shi a 1544. Da Barbarosa ya rasu a 1546, sai ya zamana babu wani jagoran jiragen Musulmi da Turawa ke tsoro kamarsa.

Abin da ya faru a tsibirin Jarba a 1551 ya isa ya nuna irin basirarsa. Andariya Doriya, babban sarkin yaƙin ruwan Janowa, ya tarar da shi a cikin mashigi yana gyaran jirage, ya toshe ƙofar fita, ya zauna jiran ƙarin mayaƙa. Turgut ya kafa igwa a bakin mashigin, ya yi ta harbi kamar mai shirin daɗewa. Ashe a bayan fage mutanensa na share hanya. Suka shimfiɗa katako, suka shafe shi da kitse, suka jawo jiragen ta tudu har suka jefa su ruwa a ɗaya ɓangaren tsibirin. Doriya bai farga ba sai da abokin gābarsa ya yi nisa.

Tarabulus kuwa a lokacin tana hannun Turawa. Sifaniyawa suka ci ta a 1510, sa'an nan a 1530 suka miƙa ta, tare da tsibirin Malta, ga wata ƙungiyar mayaƙan Kirista mai suna Jaruman Yahaya Mai Tsarki. A watan Agusta na 1551 Turgut da Sinan Fasha suka kewaye birnin, cikin 'yan kwanaki ya miƙa wuya. Amma ba shi aka ba sarautar ba, sai aka naɗa Murad Aga. Sai bayan wasu shekaru Sarkin Musulmi Sulaimanu ya danƙa masa mulkin. Ya ƙarfafa ganuwar birnin, ya gyara tsaron mashigar jirage, ya kuma gina masallacin da ke ɗauke da sunansa. Daga wannan ƙofa da ya tabbatar wa Turkawa ne hulɗa ta ƙaru tsakaninsu da Barno, har Mai Idris Alauma ya samu 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa bayan rasuwar Turgut.

Akwai abin da bai kamata ɗalibin tarihi ya tsallake ba. Kafin su isa Tarabulus a waccan shekara, sun faɗa wa tsibirin Gozo, suka kwashe kusan dukkan mutanensa, kimanin 5,000, maza da mata da yara, suka mai da su bayi. Wanda ya ɗanɗana sarƙa shekara huɗu, a ganina, shi ya fi kowa sanin abin da yake jefa su a ciki. Gaskiya ne ɓangarorin biyu duk haka suke yi, jiragen Malta ma cike suke da bayi Musulmi, amma wannan bai rage wa mutanen Gozo komai daga abin da ya same su ba.

A 1560 Sifaniyawa da ƙawayensu suka haɗa runduna domin su ƙwace Tarabulus. Suka tsaya a Jarba, jiragen Fiyale Fasha suka auka musu, Turgut ya kawo ɗauki, aka tarwatsa su. Hasumiyar da aka gina da ƙoƙon kawunan waɗanda aka kashe ta tsaya a wurin har 1848.

Yaƙinsa na ƙarshe a Malta ya yi shi, a 1565, yana da shekara wajen tamanin. Ya iso ya tarar Mustafa Fasha da Fiyale Fasha sun riga sun duƙufa kan wata ƙaramar ganuwa, Santa Elmo. Bai ji daɗin wannan dabara ba, amma tunda an fara, sai ya ƙara kafa igwa, ya datse hanyar da ake kai wa na ciki taimako ta ruwa. Ran 18 ga Yuni yana duba ramukan mayaƙa sai harsashin igwa ya fasa dutse kusa da shi, ɓarɓashi ya same shi a ka. Ya cika ran 23 ga watan, ranar da ganuwar ta faɗi. Turkawa suka janye daga Malta a watan Satumba ba tare da sun ci ta ba. Gawarsa kuwa aka ɗauke ta a jirgi zuwa Tarabulus, aka binne shi a masallacinsa, a cikin tsohon birni, ba nisa da bakin teku.